Wanda Ya Zauna a Jikin Taga

Shekara shida muna benci ɗaya da shi a sakandare, ni ta bakin hanya, shi ta jikin taga. Duk ajin da aka mayar da mu sai ya riga kowa shiga ya kama wannan gurbin, har 'yan aji suka haƙura suka bar masa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin iyalinsa na nan kuma ban nemi izininsu a kan haka ba. Waɗanda muka yi karatu tare sun riga sun gane shi. Bara Allah ya yi masa rasuwa, kuma tun ranar da na dawo daga ta'aziyya akwai maganar da ta tokare min ƙirji. Ita nake so in sauke yau.

Azuzuwanmu a jere suke, tagoginsu duk wuri guda suke kallo. Fili ne shimfiɗeɗɗe a bayan makarantar, da rafi mai ƙafewa da rani, da wata tsamiya guda a tsaye ita kaɗai, sai can da nisa wani dutse mai kama da raƙumi a gurfane. Mu dai a wurinmu bayan makaranta ne kawai, inda ƙwallo ke faɗawa a tura ƙaramin ɗalibi ya ɗauko. Shi kuwa bangon kowane littafinsa wannan filin ne. Na lissafi, na tarihi, na kimiyya, duk wanda ka juya bayansa sai ka tarar da tsamiyar da dutsen, da fensir, wani lokaci da biro.

Wata rana a aji uku malamin lissafi ya kama shi. Ya fizge littafin ya ɗaga hannu zai kai masa duka, sai idonsa ya faɗa kan zanen. Na ga lokacin da hannun ya sauka a hankali. Ya dubi takardar, ya dubi taga, ya sake duban takardar. Sannan kamar wanda ya tuna cewa shi malami ne, ya jefa masa littafin ya ce, "To, wannan ne zai ciyar da kai?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa kusa da kunnensa.

Bai yi fushi da ni ba. Da aka tashi tara ma sai ya jawo hannun rigata ya ce in leƙa.

"Inuwar tsamiyar can, wace kala ce?"

Na ce, "Baƙa mana. Inuwa ai baƙa ce."

Ya ce, "Kai dai ka san sunanta ne. Runtse idonka kaɗan, kamar mai jin barci, ka sake kallo."

Na kanne ido don in rabu da shi. Sai ga abin da ban taɓa gani ba duk tsawon zamana a duniya: inuwar shuɗi-shuɗi ce, da sirkin shunayya a bakinta, kwance a kan ƙasa mai ruwan zuma. Ya ce inda rana ba ta kai ba, hasken sama ne ke sauka, sama kuwa shuɗiya ce, to dole ta bar kalarta a wurin. Yaro ɗan shekara 15 ne ke faɗa min wannan, babu wanda ya koya masa. Zama a jikin taga ne ya koya masa.

Ba shi da fenti, don haka ya haɗa nasa. Yana ɗebo jar ƙasa daga gaɓar rafin ya shanya, ya niƙe ta a kan fasasshen gilashi da gindin kwalba, ya tace da tsumma. Baƙi daga gawayi, fari daga guntayen allin da malamai suka yar, shuɗi daga bular wanki. Sai ya jiƙa ƙaro ya kwana, ya kwaɓa garin da ruwansa don kalar ta kama takarda. Buroshinsa gashin jelar akuya ne ɗaure a bakin tsinke da zare. Shekaru da yawa bayan haka na gane cewa fentin ruwa da ake sayarwa a cikin ƙananan akwatuna asalinsa ke nan, garin launi da ƙaro, kuma jar ƙasar da yake niƙawa tana cikin launukan da ɗan Adam ya fara zane da su a bangon koguna. Mu a lokacin ƙazanta muke ce wa abin, saboda farcensa ba ya rabuwa da ja.

A ɗakin karatun makarantar akwai wani tsohon littafi mai hotunan zane, bangonsa ya cire, babu mai taɓa shi sai shi. A ciki ya gamu da John Constable, mutumin Ingila, wanda a shekarun 1821 da 1822 ya riƙa hawa tudun Hampstead a gefen Landan yana zana gajimare kawai, babu gida babu mutum. A bayan takardun yakan rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da inda iska ke kaɗowa. Abokina ya zo da wannan labarin idonsa na ƙyalli, kamar wanda ya gano ɗan'uwansa da ya ɓace. Daga ranar ya ɗauki ɗabi'ar. Duk abin da ya zana sai ya juya baya ya rubuta rana da lokaci da yanayin iska. Bai bar wannan ba har ya koma ga Allah.

Da muka gama makaranta hanya ta rabu. Ni na karanci safiyo, aikin auna ƙasa da yanka fulotai. Shi ya nace sai karatun zane. Mahaifinsa, dattijo mai son ɗansa, ya aika aka kira ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne yake jin maganarka. Ka yi masa faɗa. Ba na so in mutu in bar shi yana wasa da kala." Na ce, "To, Baba." Na same shi a zaune yana fiƙe fensir da reza, na zauna na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na ce zane sha'awa ce, sha'awa kuwa ba ta riƙe gida. Na ce ya dubi sa'o'insa. Na maimaita masa tambayar malamin lissafi, kusan kalma da kalma, kuma ina jin kaina a matsayin mai hankali. Har na gama bai ɗago ba. Da ya gama fiƙe fensirin ya hure bakinsa ya ce, "Na ji, mutumina. Na gode." Iyakar amsarsa ke nan.

Ba zan ce maganata ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Ya sha wuya. Shekaru ya yi yana rubuta allunan talla da lambobin gidaje, yana koyarwa a wata firamare, zanen nasa kuwa sai da asuba kafin ya tafi aiki. Amma ni abin da ban yi ba shi ne ban taɓa tambayarsa me yake nema a cikin abin ba. Na auna rayuwarsa da tef ɗina na ga ba ta kai ba, na naɗe tef ɗin na tafi.

Sai bayan kusan shekara 20 aiki ya kai ni kusa da inda yake, na kwana a gidansa. Da duku-duku ya tashe ni ya ce in raka shi. Ya rataya wata jaka da ta sha fenti har ba a gane asalin kalarta, ya ba ni katako mai ƙafa uku in riƙe. Muka yi tafiya har bakin wani kwari, ya kafa katakon, ya ɗora ƙyallen da ya ɗaure a firam, sannan ya tsaya. Minti goma sha biyar bai taɓa komai ba. Ni har na fara tunanin ko ya manta da abin da ya kawo mu.

Da ya fara, abin ya ba ni mamaki. Na zaci zai soma da bishiya ko dutse. Sai ya ja layi guda inda sama ta haɗu da ƙasa, ƙasa-ƙasa da tsakiyar ƙyallen, ya ce wannan layin shi ne hukuncin farko: idan ka sauke shi, labarin na sama ne, idan ka ɗaga shi, labarin na ƙasa ne. Daga nan ya shafa manyan tabo guda huɗu ko biyar da fenti tsararo, wani mai duhu wani mai haske, babu ganye babu reshe. Kana kusa ba ka ganin komai sai dabbare-dabbare. Ya ce in ja da baya taku goma. Na ja, sai ga kwarin a tsaye.

Hannunsa na aiki bakinsa na magana, kamar wanda ya shekara bai samu mai saurare ba. Ya ce tsaunin da ke nesa ba a ba shi kalarsa ta gaskiya, domin tsakaninka da shi akwai iska, iskar kuwa tana watsa shuɗin haske, shi ya sa duk abin da ya yi nisa yake komawa shuɗi-shuɗi, ya dushe, gefensa ya yi laushi. Ja da rawaya su ke fara ɓacewa. Ya ce idan kana son ƙasa ta yi zurfi a kan shafaffen ƙyalle, to iskar za ka zana. Ni da na yi shekaru ina leƙa na'urar awo ina karanta nisa da lambobi, ban taɓa lura cewa nisa yana da kala ba.

Ya ɗaga wani matsattsen bututun fenti da ya kusa ƙarewa ya ce in girmama wannan ɗan abin. Kafin 1841, lokacin da wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matsawa, a mafitsarar alade ake ɗaure fentin mai, a huda a matsa, ragowar ya bushe. Bututun ne ya sauƙaƙa wa masu zane fita daga ɗaki su tsaya a gaban abin da suke zanawa. Sai dai fitar tana da nata sharaɗin, domin rana ba ta jiran kowa. Awa biyu ya yi yawa, inuwa ta gusa, kalar komai ta canja. Ya ba ni labarin Claude Monet na Faransa, wanda daga 1890 zuwa 1891 ya zana tarin damman hatsi da ke wata gona kusa da gidansa a Giverny sau kusan 25, yana jera ƙyallaye da yawa, haske na sauyawa yana ajiye wannan ya ɗauki wancan. Yana cikin faɗar haka ya dubi sama, ya goge buroshi a tsumma ya ce, "Ta tafi. Sai gobe war haka."

A hanyar dawowa na yi masa tambayar da na san kowa na yi masa. Na ce ga kyamara a aljihun kowa, me zai hana ya ɗauki hoto ya huta? Bai ji haushi ba. Ya ce hoto ƙiftawar ido ɗaya ce, kuma kyamara ba ta zaɓe, duk abin da ke gabanta ɗaya ne a wurinta. Shi kuwa wannan ƙyallen safiya bakwai zai zuba a cikinsa, ya bar abin da ya dame shi, ya zubar da saura. Sannan fentin mai ba bushewa yake kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali yana ƙanƙara, sai ya yi kwanaki kafin a taɓa, watanni kafin a shafa masa man ƙyalli. Ya ce aikin da ba ya gaggawa ne, shi ya sa ya dace da shi.

A bangon ɗakinsa akwai wani hoto da ya yanko daga mujalla, zanen wani mutumin ƙasar Sin mai suna Fan Kuan, wanda ya rayu kimanin shekara 1000 da suka wuce. Wani jibgegen tsauni ne ya cika takardar, da siririn ruwa yana zubowa daga ƙirjinsa, sai can ƙasa wasu matafiya da dabbobinsu, ƙanana kamar tururuwa. Ya ce asalin zanen ya kai tsayin mita biyu, yana birnin Taipei, kuma sai a 1958 aka gano sa hannun mai zanen a ɓoye cikin ganyaye. Wannan ya burge shi ƙwarai. Shi ma haka yake sa nasa sunan, ɗan mitsitsi a cikin ciyawa, sai ka nema.

Na bar gidansa da niyyar in riƙa zuwa. Ban koma ba. Ga dalilin, kuma shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu.

Bayan 'yan shekaru aka sayar da filin bayan makarantarmu, aka ba ofishinmu aikin yanka shi, kuma ni aka ɗora a kan aikin. Na je da yarana da na'urori, na tsaya a inda muke ɗauko ƙwallo. Da na shimfiɗa taswira, sai babban titin unguwar ya faɗa daidai kan tsamiyar. Na san yadda ake yi. Da na karkatar da layin 'yan mitoci kaɗan, da ta tsira a gefen titi, sai dai fuloti biyu za su ragu, kuma sai na yi wa masu filin bayani. Babu wanda ya tilasta min. Na dubi bishiyar, na tuna inuwarta, na bar layin a miƙe saboda ya fi sauƙi. Muka kafa turakun siminti, kowanne da lambarsa. Cikin wata guda aka sare ta. Rafin aka cike shi, dutsen kuma masu fasa tsakuwa suka fara cinsa ta gefen wuya. Wannan ba hannuna a ciki, amma tsamiyar tawa ce.

Ya ji labari, na kuma san ya ji. Bai taɓa yi min maganar ba. Da aka shirya masa baje kolin zane-zanensa, na farko kuma na ƙarshe a rayuwarsa, ya turo min saƙo har sau biyu. Na amsa da "In sha Allahu." Ranar na shirya, na sa hula, na zauna a cikin mota da makulli a hannu, na kasa tayar da ita. Tsoro nake ji in shiga zauren in tarar da tsamiyar a bango tana kallona a gaban mutane. Na koma cikin gida na ce wa iyalina kaina ke ciwo. Daga nan kunya ta haifi nisa, nisa ya haifi shiru, sai gaisuwa ta waya daga shekara sai shekara.

Yakan ba da labarin Paul Cézanne, wanda mahaifinsa mai banki ya so ya karanci shari'a, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa yana zana dutse guda, Sainte-Victoire a kudancin Faransa, fiye da sau 60. A watan Oktoba na 1906 ruwan sama ya dake shi yana aiki a waje, ya faɗi, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Abokina yakan faɗi wannan ba da tausayi ba, da wata irin sha'awa. Shi nasa ajalin a kan gado ya same shi bayan jinya ta wata huɗu, kuma ban sani ba sai da aka yi waya aka ce ya cika. Ko duba shi ban je ba.

Da na je ta'aziyya, bayan mutane sun ragu, matarsa ta aiko babbar 'yarsu ta kira ni. Daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ya bar maka saƙo. Ya ce ko ba jima ko ba daɗe za ka zo." Yarinyar ta buɗe min ɗakin aikinsa. Warin fenti na nan kamar jiya ya fita. Zane-zane ne jingine a bango, sahu-sahu, fuskarsu na kallon bango, bayansu na kallona, kowanne da rubutun hannunsa: rana kaza, ƙarfe kaza, iska daga gabas, hazo kaɗan.

Ta fara juyo su ɗaya bayan ɗaya. Filin makarantarmu ne. Da damina, da kaka, da tsakar rani lokacin da rafin ya zama yashi. Ashe duk shekara yana komawa. Na daure ina kallon tsamiyar tana girma daga wannan ƙyalle zuwa wancan. Sai muka iso inda babu ita, kuma sahun bai ƙare ba. Bai daina zuwa ba. Ya zana kututturen. Ya zana harsashin gine-gine, da tulin bulo, da rufin kwano yana ƙyalli da hantsi, da dutsen da aka cinye wa wuya, ƙurar tsakuwa na tashi a kansa ruwan hoda saboda rana na faɗuwa. Na nemi fushi a cikin waɗannan zane-zanen ban samu ba. Yadda ya kalli wurin da, haka ya ci gaba da kallonsa, da haƙuri iri ɗaya.

"Baba, ga naka," in ji yarinyar.

Ƙarami ne, bai fi tsawon kamu biyu ba. Turken siminti ne guda ɗaya a cikin busasshiyar ciyawa, da sassafe. Lambar da ke kansa ta fito sarai, kuma na gane ta, domin da hannuna na rubuta ta a kan ɗanyen siminti da ƙusa. Ya zauna a gaban turken nan ya ba shi safiyoyinsa kamar yadda yake ba tsauni. Gefen da rana ta taɓa ruwan zuma ne, inuwarsa kuma ta miƙe doguwa a kan ƙasa, shuɗi-shuɗi, da sirkin shunayya a bakinta. Na juya bayan. Rana da lokaci da iska ne kawai, sai sunana a ƙasa. Na zauna a kan wani gwangwanin fenti na yi kukan da ban yi ba a wurin zaman makoki, yarinyar na tsaye tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, Baba, ka yi masa addu'a."

Har yau ban yanke hukunci a kan abin da yake nufi da wannan kyauta ba, kuma na daina ƙoƙarin in mayar da ita magana. Abin da na tabbata shi ne ya san abin da na yi, ya je ya tsaya a kansa ya kalle shi da kyau, sannan ya ajiye min. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe min abin da na tauye na haƙƙin abota.

'Yarsa na so a tattara aikin mahaifinta a rubuce kafin ɗanshi da gara su taɓa shi, domin wasu na takarda ne tun na makaranta, masu jar ƙasa da bula, sun fara cin gefe. Ta ce ba ta san ta inda za ta fara ba. Na ce wannan kam aikina ne. Duk Asabar nakan je da tef ɗina da babban littafi. Ita tana ɗagowa, ni ina auna tsawo da faɗi, in kwafe abin da ya rubuta a baya, mu ba shi lamba, mu nemo inda ya ɓoye sunansa a cikin ciyawa. Wani lokaci neman sunan kaɗai sai ya ci mana minti ashirin. Makon jiya mun tsaya a na 114, kuma ko bangon farko ba mu gama ba.